Hanyoyi Biyar na Shiga Harkar Gidajen Haya da Ƙaramin Jari: Wacce Ta Dace da Kai?

Mutumin da ya tara ƴan kuɗi ya ƙudurta zuba su a harkar gidaje yakan ɗauka cewa shawara ɗaya ce a gabansa, wato ya saya ko kada ya saya. Da zarar ya fara bincike sai ya tarar da hanyoyi da dama, kowacce da masu yabonta. Akwai mai sayen gida ya zuba ƴan haya ya kula da shi da kansa, akwai mai damƙa gidan a hannun wakili, akwai mai zama a sashe ɗaya ya ba da hayar sauran, akwai mai ba da hayar kwanaki ga baƙi ta dandalin intanet, akwai kuma wanda bai taɓa riƙe mabuɗin gida ba amma yana cin ribar gidaje ta hanyar hannun jari. Duka biyar ana kiran su jarin gidaje, amma nauyin da suke ɗora wa mutum ya sha bamban. A ganina yawan kuɗin da mutum zai fara da shi bai kai lokacinsa da kusancinsa da gidan da ajiyar da ya bari a gefe muhimmanci ba, domin gidan haya sana'a ce mai buƙatar a tsaya a kanta, kuma idan mai shi bai tsaya ba dole ya biya wani ya tsaya masa.

Ma'aunan da za a auna kowace hanya da su

Ma'auni na farko shi ne kuɗin shiga, kuma ya wuce farashin gidan kawai. Akwai la'adar dillali, kuɗin lauya, kuɗin binciken takardun mallaka, harajin sauya suna da rajista, sai kuma gyaran farko kafin ɗan haya ya shiga. Wasu ƙasashe ma suna ƙara haraji na musamman ga mai sayen gida na biyu. A Ingila an fara karɓar ƙarin kashi 3 cikin 100 a watan Afrilu na 2016, aka ɗaga shi zuwa kashi 5 a watan Oktoba na 2024. Waɗannan kuɗaɗe ba sa dawowa, shi ya sa wanda ya saya ya sayar bayan shekara ɗaya ko biyu yakan fita da asara ko da farashin gidan bai faɗi ba.

Na biyu shi ne abin da ke saura bayan an cire ɗawainiya. A nan ne masu farawa suka fi ruɗuwa, saboda haka ya dace a tsaya a yi lissafi da misali. A ce gida ya kai 1,000 a kowane irin kuɗi, an kashe 50 wajen cinikin, kuma hayarsa ta shekara 90 ce. Mai sayarwa zai ce gidan yana kawo kashi 9 cikin 100, kuma bai yi ƙarya ba. Amma idan gidan ya zauna wata ɗaya babu kowa tsakanin fitar wannan da shigar wancan, an rasa 7 da rabi. Idan aka ware 10 don gyare-gyare, bisa ƙa'idar nan da aka saba ta ware kusan kashi 1 cikin 100 na darajar gida duk shekara, aka kuma cire 8 na haraji da inshora, abin da ya rage 64 da rabi ne, wato kashi 6 da ɗoriya na 1,050 ɗin da aka zuba. Idan akwai wakili mai karɓar kashi 10 na hayar da ta shigo, sauran ya koma wajen 56, wato kashi 5 da ɗan kaɗan. Alƙaluman misali ne kawai, kowane gari da nasa, amma tsarin lissafin bai canzawa, kuma duk wanda aka nuna masa riba ba tare da an cire waɗannan ba, to cinikin gida aka nuna masa, ba ribarsa ba.

Na uku shi ne ɗorewa, wato ko kuɗin zai ci gaba da shigowa wata bayan wata, da kuma yadda ginin kansa yake jure amfani. Na huɗu shi ne sauƙin gudanarwa: sa'o'i nawa harkar za ta ci a mako, kuma wane ne zai amsa waya idan bututun ruwa ya fashe da tsakar dare. Na biyar shi ne haɗari, kama daga ɗan hayar da ya ƙi biya zuwa sauyin doka da faɗuwar farashi. Na ƙarshe, wanda ake yawan mantawa da shi, shi ne saurin fita, domin gida yakan ɗauki watanni kafin a sami mai saye, kuma mai sayarwa cikin gaggawa shi ke karya farashi.

Bashi bai zama hanya ta shida ba, amma yana shiga cikin huɗu daga cikin biyar ɗin, saboda haka a yi maganarsa tun yanzu. A misalin da ya gabata, a ce an ranci 700 daga banki aka zuba 350 daga aljihu. Idan kuɗin ruwa kashi 4 ne, ana biyan 28 a shekara, sai 28 ya rage daga cikin 56, wato kashi 8 na abin da mutum ya zuba da kansa. Idan kuɗin ruwan ya tashi zuwa kashi 7, ana biyan 49, sauran 7 kacal, kuma ba a fara rage uwar kuɗi ba tukuna. Irin wannan tashi ya taɓa faruwa cikin ɗan lokaci, domin a Amurka kuɗin ruwan rancen gida na shekara 30 ya yi ƙasa da kashi 3 a farkon 2021, amma ya kusa kashi 8 a watan Oktoba na 2023. Haka kuma idan darajar gidan ta ragu da kashi 10, bankin ba ya raba asarar da kowa, 100 ɗin gaba ɗaya daga cikin kuɗin mai gida take fita. Masu guje wa kuɗin ruwa saboda addini suna da tsare-tsaren bankunan Musulunci, kamar haɗin gwiwar da kason banki yake raguwa sannu a hankali yayin da mai gida yake saye, sai dai su ma akwai biya na wata-wata da dole hayar ta ɗauke shi.

Hanya ta farko: sayen gida, haya mai tsawo, kulawa da kai

Wannan ita ce hanyar da kowa ya sani, kuma ita ce ta fi barin riba a hannun mai gida idan yana da lokaci da haƙuri. Kuɗin shigarta yana da nauyi, domin bankuna sukan nemi mai sayen gidan haya ya kawo kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na farashi kafin su ba da sauran, fiye da abin da suke nema daga mai sayen gidan zama. Ta fuskar ɗorewa kuwa tana da ƙarfi, saboda iyalin da ya sami wurin da ya yi masa daɗi ba ya son tashi, kuma kowace shekarar da ɗan haya ya ƙara ta kuɓutar da mai gida daga kuɗin fenti, talla da zaman gida babu kowa.

Aikin da ke cikinta ya kasu kashi uku, kuma mafi girma yana faruwa tun kafin a miƙa mabuɗi. Zaɓen ɗan haya shi ne tushen komai. A nemi shaidar abin da yake samu, a tabbatar hayar ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shigarsa ba, a tuntuɓi wanda ya taɓa ba shi haya, a ji yadda suka rabu. Mai farawa yakan ga gida ya yi makonni a rufe sai hankalinsa ya tashi, ya karɓi duk wanda ya zo da kuɗi a hannu, alhali asarar wata ɗaya ko biyu ba ta kai ta shekarar da za a shafe ana zaryar kotu da wanda ya daina biya ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. A kuma kula cewa a ƙasashe da yawa doka ta hana ƙin mutum saboda launin fata, addini, jinsi ko nakasa, saboda haka ma'aunin tantancewa ya zama ɗaya ga kowa, kuma ya tsaya a kan iya biya da kyawun mu'amala.

Kashi na biyu shi ne rubutu. Yarjejeniyar haya ta bayyana adadin kuɗi da ranar biya, wanda zai ɗauki kowane irin gyara, yawan mutanen da za su zauna, ko an yarda ɗan haya ya sa wani a ƙarƙashinsa, da tsawon sanarwar da kowane ɓangare zai bayar kafin rabuwa. A ɗauki hoton kowane ɗaki ranar shiga, a rubuta halin ƙofofi, tagogi, famfuna da wayoyin lantarki, ɓangarorin biyu su sa hannu. Kowane biya ya zama da rasit, kuma kuɗin haya ya shiga asusu na dabam wanda ba a cefane daga cikinsa. Wannan shawarar ta fi ƙarfi idan ɗan hayar ɗan'uwa ne ko aboki, domin a nan ne kunya take hana rubutu, kuma a nan ne rigima take fin ɗaci idan ta zo.

Kashi na uku shi ne gyara. Ruwa ne babban abokin gabar gini, kuma yoyon da aka bari a rufi ko a bayan bango yakan lalata silin, fenti da wayoyi kafin a ankara. Mai gida mai lura yana zagayawa aƙalla sau biyu a shekara bayan ya sanar da ɗan haya, yana da lambar mai aikin famfo da mai aikin lantarki da ya yarda da su, kuma yana tara kuɗin manyan gyare-gyare tun kafin lokacinsu, domin rufi da bututu da tankin ruwa duk suna da wa'adi.

Haɗarin wannan hanya biyu ne. Na ɗaya, duk jarin yana kan gida guda da ɗan haya guda, idan ya daina biya kuɗin shiga ya tsaya cak. Na biyu shi ne doka, wadda ba kullum take ɓangaren mai gida ba. A Jamus an kafa dokar taƙaita tashin haya a 2015, wadda ta hana sabuwar haya a garuruwan da ke da matsin gidaje ta wuce matsakaicin hayar unguwa da fiye da kashi 10 cikin 100, kuma kuɗin ajiyar da ake karɓa daga ɗan haya ba ya wuce hayar wata uku. A Ingila dokar 2019 ta taƙaita wannan ajiya zuwa hayar mako biyar a yawancin gidaje. A Amurka hukumar yaƙi da cututtuka ta dakatar da korar ƴan haya da dama daga watan Satumba na 2020 saboda annobar korona, har sai da Kotun Ƙoli ta kawo ƙarshen umarnin a watan Agusta na 2021, kuma a tsawon wannan lokaci bankuna da masu karɓar haraji ba su yafe wa masu gidaje abin da ke kansu ba. Kusan ko'ina, cire ƙofa, canza makulli ko yanke ruwa da wuta don a tilasta wa ɗan haya fita laifi ne, ko da kuwa bashin haya ya yi masa katutu, sai dai a bi ta kotu.

Hanya ta biyu: sayen gida, a damƙa wa wakili

Gidan ɗaya ne, kuɗin shiga ɗaya ne, abin da ya canza shi ne an sayi lokaci da wani ɓangare na riba. A Amurka kamfanonin kula da gidaje sukan karɓi kashi 8 zuwa 12 cikin 100 na hayar wata, sannan su karɓi wani kuɗi dabam, daga rabin hayar wata zuwa wata guda, duk lokacin da suka samo sabon ɗan haya. Su ne masu talla, tantancewa, karɓar haya, kiran masu gyara da rubuta takardun gargaɗi. Ga wanda yake zaune nesa da gidan, ko wanda aikinsa ba ya barinsa ya amsa waya da rana, ko mai taushin zuciyar da ba ya iya tambayar kuɗinsa, wannan kason bai yi yawa ba.

Sai dai akwai abin lura, kuma shi ne buƙatar wakili ba kullum take daidai da ta mai gida ba. Wakilin da ake biya duk lokacin da sabon ɗan haya ya shiga ba shi da dalilin damuwa idan tsohon ya fita. Wanda yake ɗora kaso a kan kuɗin gyara yana samun ƙari idan gyaran ya yi tsada. Maganin wannan yana cikin yarjejeniyar da za a ƙulla da shi: kason ya dogara da hayar da aka karɓa, ba wadda ta kamata a karɓa ba, a sa iyakar kuɗin da zai kashe ba tare da izini ba, ya kawo bayanin shiga da fita duk wata tare da rasit, kuɗin haya ya zauna a asusun da ba a gauraya shi da na kamfanin ba, kuma a bar ƙofar rabuwa da shi bayan gajeriyar sanarwa. Inda doka ta tanadi lasisi ko rajistar ƙungiyar ƙwararru, a nemi ganinsu. Ko da wakilin amintacce ne, mai gida ya riƙa zuwa da ƙafarsa lokaci-lokaci yana ganin ginin, domin rahoto a takarda ba ya nuna damshin bango.

Ga mai gida ɗaya tak, matsalar ita ce kason wakili yana iya cinye ɗan abin da ya rage bayan biyan banki, kamar yadda lissafin farko ya nuna. Shi ya sa nake ba da shawarar a sa kason wakili cikin lissafi tun kafin saye, ko da mutum yana da niyyar kulawa da kansa. Gidan da ba zai iya ɗaukar wannan kason ba yana cin gumin mai shi ne kyauta, kuma ranar da rashin lafiya ko canjin wurin aiki ya zo, ribar za ta ɓace.

Hanya ta uku: zama a sashe ɗaya, ba da hayar sauran

Ga mai ƙaramin jari wanda shi ma yana biyan haya, wannan ce ƙofa mafi sauƙin shiga. Ana sayen gida mai sassa biyu zuwa huɗu, ko a gyara wani ɓangare na gidan da ake da shi ya zama mai ƙofarsa da banɗakinsa, sai hayar maƙwabta ta ɗauki wani kaso na biyan bashi. A wasu ƙasashe rancen ma ya fi sauƙi, domin ana ɗaukarsa gidan zama. A Amurka, rancen da hukumar gidaje ta tarayya take lamuncewa yana barin mutum ya fara da kashi 3 da rabi cikin 100 a gida mai sassa har huɗu, da sharaɗin ya zauna a ɗaya daga ciki aƙalla shekara guda. Kulawa tana da sauƙi tunda mai gida yana ganin komai da idonsa, kuma idan sashe ɗaya ya zama babu kowa sauran suna kawo kuɗi.

Farashinta sirri ne da kwanciyar hankali. Ɗan haya ya zama maƙwabci, yana ƙwanƙwasa ƙofa a kowane lokaci, yaransa suna wasa da naka, kuma ƙara masa haya ko ba shi takardar tashi ya fi wuya bayan an saba. Rabon kuɗin ruwa da wuta shi ne tushen yawancin saɓani, saboda haka raba mita tun farko ya cancanci kuɗinsa. Iyalin mai gida su ma sai sun yarda, domin su ne za su wuni da ƴan hayar.

Hanya ta huɗu: hayar kwanaki ga baƙi

Tun da aka kafa Airbnb, dandalin intanet na hayar kwanaki, a San Francisco a 2008, wannan hanya ta ja hankalin masu ƙaramin jari, saboda kuɗin dare ɗaya idan aka ninka shi sau talatin yakan zarce hayar wata nesa ba kusa ba. Kuskuren yana cikin ninkawar, domin babu gidan da yake cika dare talatin a kowane wata, kuma ɗawainiyar da ɗan haya yake ɗauka a sauran hanyoyin ta koma kan mai gida: gadaje da kujeru da kayan girki, wuta da ruwa da intanet, shara da wankin zannuwan gado bayan kowane baƙo. Jimillar kason da dandalin yake ɗauka yakan kai wajen kashi 15 cikin 100, kuma wakilan da ke kula da irin waɗannan gidaje suna karɓar kashi 20 ko fiye. Kayan ɗaki suna saurin tsufa. A taƙaice, harkar ta fi kusa da ta masaukin baƙi, mai buƙatar amsa saƙonni dare da rana da kiyaye yabon da baƙi suke rubutawa, wanda shi ke jawo na gaba.

Inda akwai masu yawon buɗe ido, manyan asibitoci, jami'o'i ko tarurruka duk shekara, ribar tana iya fin ta haya mai tsawo, kuma ba a fama da matsalar korar wanda ya ƙi biya tunda ana biya kafin shiga. Amma ita ce hanyar da ta fi rauni idan al'amura suka juya. A farkon 2020 tafiye-tafiye suka tsaya, aka soke ajiyar ɗakuna cikin makonni, har Airbnb kansa ya sallami kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatansa a watan Mayu na shekarar. Hukumomin birane kuma suna ƙara matsawa saboda ƙarancin gidajen zama. A Landan ba a ba da hayar gida gaba ɗaya ta wannan hanya fiye da dare 90 a shekara ba tare da izini ba. Amsterdam ta rage zuwa dare 30 a 2019. New York ta fara aiwatar da doka a watan Satumba na 2023 wadda ta wajabta rajista, ta kuma ce a hayar da ba ta kai kwana 30 ba dole mai gida ya kasance a ciki kuma baƙi kada su wuce biyu. A 2024 magajin garin Barcelona, Jaume Collboni, ya sanar da shirin kawo ƙarshen lasisin gidajen baƙi kusan 10,000 kafin ƙarshen 2028. Duk wanda zai sayi gida don wannan hanya ya fara tambayar kansa ko gidan zai riƙe kansa idan aka tilasta masa komawa haya mai tsawo. Idan amsar a'a ce, ya bar shi.

Hanya ta biyar: hannun jari a asusun gidaje

Akwai kamfanonin da aikinsu shi ne mallakar gidaje, shaguna, ofisoshi, ɗakunan ajiya da asibitoci, su karɓi haya su raba wa masu hannun jari. Ana kiran su REIT, wato asusun gidaje. Shugaba Eisenhower ne ya sa hannu a dokar da ta kafa su a Amurka a 1960, Birtaniya ta bi sahu a 2007, kuma yanzu ƙasashe da dama suna da nasu. A tsarin Amurka dole su raba aƙalla kashi 90 cikin 100 na ribar da haraji ya hau kanta. Malesiya ta fitar da ƙa'idojin irin wannan asusu mai bin shari'ar Musulunci a 2005, ga masu son a tantance irin ƴan hayar da yadda aka samo kuɗin. Kuɗin shiga kaɗan ne ƙwarai, babu ɗan haya, babu gyara, jarin ya bazu a kan gine-gine masu yawa, kuma waɗanda ke kasuwar hannun jari ana sayar da su cikin yini.

Abin da ake rasawa shi ne iko. Mai hannun jari ba ya zaɓar gini, ba ya iya ƙara darajar kadara da gyaran hannunsa, ba ya kuma cin gajiyar sanin unguwa da yake da shi. Farashin yana hawa da sauka tare da kasuwa: asusun gidaje na Amurka sun faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin uku a 2008, da kusan kashi ɗaya cikin huɗu a 2022 lokacin da kuɗin ruwa ya tashi. Kada wannan ya sa a zaci gida ba ya faɗuwa, domin farashin gidaje a Amurka ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu tsakanin 2006 da 2012, bambancin kawai shi ne mai gida ba ya ganin farashin kadararsa kullum a waya. A kuma bambanta asusun da ke kasuwa da wanda ba ya ciki. Bayan ƙuri'ar ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai a 2016, wasu manyan asusun gine-gine sun dakatar da mayar wa mutane kuɗinsu na tsawon lokaci, saboda ba a sayar da gini da saurin da masu jari suke neman fita.

Jadawalin kwatanci

| Hanya | Kuɗin shiga | Ɗorewar kuɗin shiga | Aiki | Babban haɗari | Saurin fita |
|---|---|---|---|---|---|
| Kulawa da kai | Mai yawa | Mai kyau | Matsakaici, yakan yi yawa | Ɗan hayar da ya ƙi biya | Watanni |
| Ta hannun wakili | Mai yawa | Mai kyau, riba ta ragu | Kaɗan | Wakili marar amana | Watanni |
| Zama a sashe ɗaya | Matsakaici | Mai kyau | Matsakaici | Saɓani da maƙwabci | Watanni, da neman sabon mazauni |
| Hayar kwanaki | Mai yawa, da kayan ɗaki | Hawa da sauka | Mai yawa | Sauyin doka, tsayawar baƙi | Watanni |
| Asusun gidaje | Kaɗan | Matsakaici | Kusan babu | Faɗuwar kasuwa | Cikin yini, idan yana kasuwa |

Ban sa sayen fili a jadawalin ba duk da farin jininsa, domin fili ba ya kawo haya, ribarsa tana jiran ranar sayarwa, kuma kafin ranar ana biyan haraji da kuɗin tsaro. Haɗa kuɗi da ƴan'uwa ko abokai don sayen gida ɗaya yana rage nauyin shiga kowace daga cikin hanyoyi huɗun farko, da sharaɗin a rubuta kason kowa, wanda zai yi aikin kulawa da ladansa, da yadda za a kimanta rabon wanda ya so fita.

Wace hanya ga wane mutum

Wanda kuɗinsa bai kai kafin alƙalami da kuɗin ciniki da ajiyar ɗawainiyar wata shida ba, ya fara da asusun gidaje ya ci gaba da tarawa, domin sayen gida ba tare da ajiya ba yana nufin gyara na farko zai jefa shi cikin sabon bashi. Haka ma wanda yake tsammanin zai buƙaci kuɗinsa cikin shekara biyar.

Matashi ko ƙaramin iyalin da ke biyan haya yanzu, kuma ba su damu da maƙwabtaka ta kusa ba, hanya ta uku ce ta fi musu, kuma ita ce makaranta mafi arha ta koyon harkar kafin a sayi gida na biyu. Wanda yake da cikakken jari, gidan yana kusa da inda yake zaune, yana da ɗan sanin gini kuma yana iya faɗa wa mutum a'a ba tare da faɗa ba, ya kula da gidansa da kansa. Ma'aikacin da ba shi da lokaci, mazaunin wani gari ko wata ƙasa, da wanda ya gaji gida bai shirya zama mai gidan haya ba, su nemi wakili, su ba zaɓensa irin muhimmancin da za su ba zaɓen gidan.

Hayar kwanaki kuwa ta dace ne da wanda yake son sana'ar karɓar baƙi ita kanta, yana da gida a wurin da baƙi ba sa yankewa, ya karanta dokar birninsa da ƙa'idojin ginin da gidan yake ciki, kuma yana da wata hanyar samun kuɗi da za ta riƙe shi idan watanni suka wuce babu wanda ya kama ɗaki.